Gaiwar da Ta Sha Maganin Sauro a Kalgo

Mun tashi da asuba daga Gwandu, ni da wani ƙanen mahaifiyata, kowa bisa jakinsa. Kalgo muka nufa, don matata na da ciki, ta ce in ba gaiwar tafkin Kalgo ba, ba abin da zai zauna mata. Kawu kuwa ya ce rakiya ce ta fito da shi, amma tun a hanya yake lissafa irin romon da zai sha.

Hanyar ba laifi, sai yashi. Wata lori ta wuce mu da ƙugi, jakin Kawu ya yanki gonar gero da shi, da ƙyar muka fito da su.

Mun isa bayan azahar. Kafin in ɗaure jakuna, Kawu ya tsuguna gaban wata mai suya, ya share gaiwa biyu. Sannan muka sauka gidan wani masunci, tsohon abokin mahaifina. Da na faɗi abin da ya kawo mu, sai ya girgiza kai, ya ja mu zuwa tafkin.

Ruwan garai-garai, amma shiru: ba kukan kwaɗo, ba zalɓe ko ɗaya. Ya ce tun bara wasu masu feshin maganin sauro ke wanke durominsu a nan. Ruwan ya washe, amma maganin ya kwanta cikin laka. Tsutsa ta ci laka, ƙananan kifi su ci tsutsa, gaiwa ta ci su, ga ta kuma cikin lakar take kwana. Haka yake taruwa a kitsenta kaɗan-kaɗan. Da muka koma gidansa, ya nuna kyanwarsa tana tafiya kamar ta sha giya, ya ce, "Wagga ita ka cinye kayan cikin gaiwa kullum."

Kawu ya dafe ciki. "Yaya, mai suyar can ta bakin kasuwa, ina take samo kihinta?"

"Wa ya sani? Ci ɗaya dai ba ya kashe mutum."

"To, biyu fa?"

Kawu ya sha nono ƙwarya guda, ya ƙara da tsamiya, ya bar mini wasiyyar jakinsa. Washegari ya tashi garau, har ya nemi ƙarin fura. Mai gidan ya ba mu busasshen karfasa na gulbi, inda yanzu yake tafiya mai nisa don kamun kifi, tunda tafkin da ya gada ya zama na kallo.

A hanyar dawowa Kawu ya yi ta sauka daga jaki yana takawa, yana cewa in duba ko yana tangaɗi. Mun shigo Gwandu da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa hasken ruwa ba shaida ba ne, sai an tambayi abin da ke kwance a ƙasansa. Na zaunar da matata na yi mata bayanin duka. Ta saurara tsaf, ta ce ai ita tun jiya kwaɗayin ya koma kan ɗanwake.