Na Zauna Jiran Jirgi, Aka Binne Hamisu

Da ranin nan da muke ciki Hamisu ya cika shekara talatin da bakwai da rasuwa. Ɗan goggona ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Akwai alkawarin da na yi masa ban cika ba, har yau kuma abin bai sake ni ba.

A shekarun tamanin mu biyu ne kaɗai a ƙauyenmu, yamma da Kura, muke aiki a birnin Kano muna kwana a gida. Shi a masaƙa yake, ni akawu ne a wani kamfanin fatu. Abokan aikinmu duk sun kama haya a birni, amma Hamisu ya ƙi, don lokacin ruwan kanal ya iso mana, an ba kowa fegi, shi kuwa ba ya iya kwana biyu bai ga tumatirinsa ba. Kullum bayan asuba mu hau keke zuwa wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, mu bar kekunan wurin mai shayi, mu kutsa cikin tarago tare da kaji da masu gyangyaɗi. Mota ta fi sauri, amma Hamisu ya ce shi ba zai biya kuɗi a naɗe masa ƙafa kamar tabarma ba. Shekara shida muna haka.

Wata Asabar mun tashi aiki da wuri, kafin lokacin jirgi sai muka leƙa shagon wani mai gyaran rediyo da ya sayi bidiyo. Fim ɗin Turawa aka saka, na gawarwakin da suka tashi suna yawo cikin gari, suna jan ƙafa, ido a buɗe amma ba sa ganin kowa. Ni dai tsigar jikina ta tashi. Hamisu kuwa dariya ya kama yi, ya nuna wani mai biro a aljihu ya ce ga ni nan, haka nake fitowa daga tasha ranar Litinin. Na ce shi ne na bayansa, mai sakin baki. Sai da jirgi ya bar gari sannan ya daina dariya. Can ya ce abin da ya dame shi, gawarwakin nan dukkansu cikin kayan aiki suke, babu mai likkafani ko ɗaya, alamar cikin baƙi suka mutu, ba nasu a kusa.

"Lawan, in ajalina ya same ni a birni, kada ka bari a binne ni can. Ka kawo ni gida kusa da kabarin Inna."

Na ce da irin nauyin nan nasa sai an ba shi tarago guda. Ya ce ba wasa yake ba. Na yi masa alkawari.

Ba a yi wata biyar ba. Ran nan ban je aiki ba, don layin ban-ruwa ya zo kaina, wanda kuwa ya bari ranarsa ta wuce sai ya jira wani makon. Ina tsaye cikin laka da hantsi, sai wani direba ɗan garinmu mai ɗaukar kwandunan tumatir ya tsaya ya kira ni. Ya ce Hamisu ya yanke jiki ya faɗi a bakin inji, rai ya yi halinsa, abokan aikinsa suna jiran dangi. Ya faɗa ya wuce Bunkure da lodinsa.

Titin Zariya bai fi minti ashirin a keke ba, motoci kuma ba sa yankewa a kansa. Da na bi can, da na isa kafin a gama yi masa wanka. Amma ban san lokacin da na tsinci kaina a tasha ba. Ƙafata ce ta bi inda ta saba. Na san sarai jirgin rana ba ya zuwa sai bayan azahar, duk da haka na zauna a benci da laka a ƙafa ina kallon layin dogo, mai shayi yana min magana ba na ji. Lokacin da na isa birni an dawo daga maƙabarta. Mutanen kirki ne, sun jira iyakar jira, kuma mamaci ba a ajiye shi. Ban taɓa ganin laifinsu ba.

Malamai sun sha gaya min cewa ƙasa duk ta Allah ce, inda aka rubuta wa mutum nan zai kwanta. Na yarda. Amma yarda daban, kunya daban, kuma ni kunyar Hamisu nake ji.

Yanzu jirgi ba ya tsayawa a tashar nan, awaki ne ke kwana a inuwarta. Adaidaita sahu da babura sun cika hanya, injinan shinkafa suna kuka dare da rana, kowa da waya a aljihu. Saƙon da ya ci rabin yini kafin ya same ni, yau ko numfashi ba za a sauke ba ya iso. Jikokina suna kallon irin fim ɗin nan a waya suna cin gyaɗa, ko a jikinsu. Da Hamisu zai ga samari suna tafe bakin kanal kai a sunkuye, na san abin da zai ce, na kuma san da ni zai fara. Zai yi faɗa in ya ga an mayar da feginsa na shinkafa, amma zai huce in ya ji har yanzu sunansa ake kira in layin ruwa ya zo kan fegin.

'Yarsa Hajara, wadda ya bari a goye, ita da mijinta ke noma shi. Bara ta ce in kai ta ta ga kabarin mahaifinta. Muka je. Maƙabartar ta cika ta batse, bishiyar da na riƙe a matsayin alama an sare ta. Na yi ta zagaye har gwiwata ta gaza, sannan na faɗa mata gaskiya, tun daga alkawarin har zuwa bencin tasha. Ban taɓa faɗa wa kowa a gidan ba.

Ta dubi kaburburan da ke kewaye da mu, sannan ta ce, "Baba, shekara nawa yake tare da waɗannan? Ai yanzu ba baƙi ba ne. Mu yi musu addu'a gaba ɗaya."

Muka ɗaga hannu. Allah ya jiƙan Hamisu da maƙwabtansa, ya sa in na je ya karɓe ni da tsokana.