Yaron da ba abin da ya same shi

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ƙaramin flat na haya a unguwar Barking, a ƙasar Turawa, malamar ɗana ta aiko mini da takarda cewa yaron ya daina karatu. Ba wai bai iya ba. Yana ɗan shekara bakwai, yana karanta sunan kowace tashar jirgin ƙasa tun daga gida har Whitechapel, amma da an miƙa masa littafin labari sai ya ture shi gefe. Ni kuwa a lokacin ina aikin labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, ina jin kaina gwanin kalmomi. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma ba ni kunya.

Da na tambaye shi dalili, ya amsa da Turanci kamar yadda ya saba. Ya ce yaran da ke cikin littattafan ajinsu suna hawa keke, suna zuwa bakin teku. In kuwa aka ga yaro baƙi a ciki, to ko yunwa yake ji, ko ana tara masa taimako. Ya ce duk ranar da aka karanta irin wannan, 'yan ajin juyowa suke yi suna kallonsa.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ubanka marubuci ne. Ranar Asabar na zauna na tsara masa labarin wani yaro da fari ya cinye gonarsu, ya yi haƙuri, daga ƙarshe aka yi ruwa. Har darasi na sa a ƙasa. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya tambaye ni ko zai iya zuwa ya kalli talabijin.

Mahaifiyarsa ce ta ce in ajiye girman kai, in bar shi ya faɗa, ni in rubuta. Haka aka yi. Labarinsa na wani yaro ne da aka yi wa aski ana gobe Sallah, askin ya yi kyau har mai askin ya leƙa waje ya kira mutane su zo su gani. Yaron ya sa sabon takalmi ya shiga jirgin ƙasa, direba ya kira shi gaba ya bar shi ya danna ƙararrawa. Da yamma ya ci ƙwallo uku, kakarsa ta soya masa doya da ƙwai, ya ci har ya kasa tashi. Ina rubutawa, ina jiran inda abin zai ɓaci.

Da na gaji da jira na ce, "To, sai me ya same shi?"

Ya ce, "Nothing, Baba. He's just happy."

Wato ba abin da ya same shi, daɗi kawai yake ji. A sana'armu kuwa, in ba abin da ya lalace, ba labari. Kullum bakina juyin mulki da ambaliya. Hali zanen dutse, da na kai rubutun ofis zan buga a tafireta, sai na ƙara nawa: yaron ya ɓace a tasha, ya yi ta kuka, da ƙyar aka gan shi. A zuciyata gata na yi masa.

Na kawo takardun gida ina taƙama. Ya karɓa ya fara karantawa da ƙarfi, yana dariya, mahaifiyarsa ta bar tukunya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Da ya iso wurin da na ƙara, ya ajiye takardun a hankali, ya dube ni.

"Kai ma?"

Da Hausa ya faɗa, shi da sai a yi wata bai yi Hausa ba. Na yi shekaru ina jan layi a rubutun mutane, ban taɓa sanin zafin abin ba sai ranar. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na ba shi haƙuri, washegari na sake buga labarin yadda ya faɗe shi. Bai zaɓa wa yaron suna ba tukuna, don haka duk inda sunan ya kamata ya zo na bar gurbi, da niyyar mu cike daga baya.

Akwai wani abokina, mutumin Ghana, mai kanti a Camberwell, yana da injin kwafi. Na kai masa ya yi mana guda biyu. A tsaye ya karanta, yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Alhaji, yaro nan ya fi ka iya labari. Matata ma zai so shi. Bari in yi da yawa, akwai yara." Sai da na dawo gida na lura guraben suna nan ba a cike ba, na yi ta ƙorafi wai an fitar da aiki da kuskure. Ɗana ko a jikinsa. Ranar Sallah shi ya rarraba su ga yara a harabar masallacin Regent's Park. Kafin hutu malamarsa ta ce mini yanzu shi ke ɗaga hannu a ba shi karatu.

Bayan wasu watanni abokina ya miƙo mini kwafi ɗaya da ya ajiye a kan kanta don 'ya'yan masu sayayya. Takardar ta yi laushi, ta sha maiƙo. Da na buɗe, kowane gurbi ya zama huda. Ya ce duk yaron da ya ɗauka sai ya goge sunan da ya tarar, ya sa nasa da fensir, har takardar ta cinye. Ban san yaran da ke da wannan ƙishi sun kai haka ba.

Na koyi cewa yaro yana da haƙƙin ya ga mai kama da shi yana jin daɗi, ba tare da an fara wahalar da shi ba. Har yau in na tuna ɗan shekara bakwai ne ya koya mini, mamaki nake yi. Kwafin yana wurina. Bara jikana ya karanta, ya nemi inda zai sa sunansa bai samu ba, sai ya rubuta shi a bangon kwafin, da biro.