Gaurakin da Na Ɗauko wa Kakata

Jama'a, bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni: ni mutum ne mai ƙara wa labari gishiri. In na ga ɓera a hanya, kafin in iso gida ya zama zomo, in kuwa aka ba ni wurin zama da ɗan shayi, to wallahi sai ya fito da ƙaho. Duk 'yan ajinmu a Bodinga sun san ni da haka. Amma wannan da zan ba ku, na rantse da Wanda ya halicce ni, ban ƙara masa komai ba, sai ma ragewa da na yi don kada ku ce na soma.

Shekara uku ke nan, ina ɗan sha huɗu, aka yi mana hutun ƙarshen shekara aka tura ni ƙauyen kakata, can bayan Mandera a ƙasar Shagari. Lokacin sanyi ne, irin sanyin da in ka yi alwala da asuba sai ka ƙirga yatsunka ka tabbatar duk suna nan. Kakata, wadda ta haifi babanmu, ta faɗi a bakin rijiya da kaka, lokacin girbi, ta karye a ƙugu, tun ran nan ba ta sake taka ƙasa ba, Yaya Saratu, yayata, ke jinyarta. Ni da tsohuwar nan ba ma haɗuwa sai da tsiya. Tana ce min Ango, ina ce mata Amarya, kullum ƙararta ita ce ban iya cefane ba, ni kuma tawa ita ce an cuce ni an ba ni amarya ba haƙori.

To, a zuwan nan na tarar tsiyar ta ragu. Baffanmu da ke Sakkwato ya yanke cewa ranar Juma'a zai zo da mota ya tafi da ita can kusa da asibiti, kowa kuma ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce. Ita kuma ta kafe, ta ce ba inda za ta sai ta ga gulbi da gaurakinsa. Ta juya wa tuwo baya, kwana biyu sai ruwa da ɗan kunu. Gulbin kuwa ba a kai mai karaya, don hanyar duk kunyoyin albasa ne da ramukan ban ruwa, mai ƙafa biyu ma sai ya yi ta rawa kafin ya isa. Gauraka kuma, wannan dogon tsuntsu mai tukkun zinariya a ka, ni a littafin makaranta kawai na taɓa ganinsa.

Na zauna bakin gadonta na ce, "Amarya, don tsuntsu za ki kashe min aure? In na kawo miki su har ɗaki za ki ci tuwo?"

Ta ce, "Kai da ba ka iya kamun hwara, kai za ka kawo gauraka? Kawo, in ci."

Na lallaɓi Yaya Saratu ta ara min wayarta, bayan ta gargaɗe ni cewa in wayar ta faɗa ruwa to in bi ta kawai, kada in dawo. Ku ji halin banza: ban je gulbin ba. Na hau tudun bayan masallaci inda sabis ke kamawa, na sauko da hoton gauraki masu kyau daga intanet, na shafa ɗan laka a wandona don shaida, na shigo ina haki kamar wanda kura ta biyo. Tsohuwar nan ta kai wayar dab da hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo min.

"Waɗanga ba namu na ba. Dubi hakin da sunka taka, ina kag ga haki haka ƙasarmu? Ango, har ni?"

Ba ta zage ni ba, ba ta yi dariya ba, ta dai juya fuska bango. Wallahi da ta kwaɗa min sandarta da ya fi min sauƙi. Wannan ranar Laraba ce.

Alhamis ana sallame sallar asuba na zura rigar sanyi biyu, na kifa wata jar hular ulu da nake ji da ita, na kama hanyar gulbi ni kaɗai, wayar a aljihun ciki. Raɓa ta jiƙe ganyen albasa, ƙamshinsa na hawa kai, can nesa wani ya tayar da injin ban ruwa yana tari kamar tsohon da ya sha taba. Da na isa bakin ruwan gari ya soma fari, sai ga tururi yana tashi daga gulbin kamar an ɗora shi a murhu, fari fat, yana tafiya a hankali. Na ɗauki hoton balbelu a kan wani busasshen reshe, na ɗauki zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana fushi da kowa, na ɗauki garken kirinjijiya suna wucewa suna fito. Na ɗauki furen bado da bai gama buɗewa ba. Gauraka dai ko gashinsa.

Na bi gaɓar ruwan ina tafe ina ɗauka, tururin yana ƙara kauri, har na daina ganin takalmina sosai. Ban san lokacin da injin nan ya yi shiru ba. Abin da na lura da shi kawai, gulbin da na sani wanda in na yi jifa dutsen ke faɗawa ƙetare, yanzu ya yi faɗi har ba a ganin ƙarshensa, ga manyan itatuwan kanya da giginya a wurin da na rantse a sanina gonar albasa ce. Kuma ban ji tsoro ba, abin da har yau yake ba ni mamaki. Jikina ya yi sakayau, sanyin ma ya daina cizo, kamar lokacin nan da kake tsakanin barci da farke kana jin muryar mutanen gida daga nesa.

Sai na ji an ce a bayana, "Ɗebe hulag ga, kai kamar zakara. Suna ganin ja su tashi."

Na waiwaya. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ata ba, da zanen saƙi baƙi ɗaure a ƙirji, da ƙwarya a hannu, ba takalmi, ba rigar sanyi, a cikin wannan ɗari. Na yi mata sallama ta amsa. Na so in yi mata irin surutuna, in ce ni babban mai ɗaukar hoto ne daga birni, amma ta kalle ni da wani irin kallo na wadda ta riga ta san ƙaryar kafin ta fito, sai na haɗiye abata na cusa hular a aljihu. Ta yafito ni, na bi ta cikin dogon haki har wani ɗan tudu, ta durƙusa, na durƙusa.

Jama'a, ga su nan.

Ban san ko su nawa ba ne, in na faɗi adadi za ku ce halin ne. Suna tsaye a cikin ruwa iya idon sawu, tururi na ratsa ƙafafunsu, rana ta ɗan leƙo ta taɓa tukkunsu, kowanne kamar an kunna masa 'yar fitila a ka. Sai ɗaya ya sunkuyar da kai ga ɗan'uwansa, ya buɗe fukafukai, fari da baƙi, ya yi tsalle sama ya sauko a hankali kamar ba shi da nauyi. Na biyu ya amsa, na uku ya shiga, kafin ka ce me duk ruwan ya zama filin rawa, ba kiɗa, sai wani kuka mai zurfi da suke yi jefi-jefi wanda nake ji a ƙirjina. Akwai wani guda a gefe mai ɗingishi, ƙafarsa ta hagu a karkace, shi ba ya tsalle, sai dai ya yi ta juyi a wuri ɗaya da fukafukai a buɗe, kuma wallahi duk ya fi su iya rawar.

Na ɗaga waya na yi ta dannawa, ina ganinsu sarai a gilashin. Da na zaƙe na miƙe zan matsa kusa, yarinyar ta sa hannu ta danne wayar ƙasa, ta ce, "Ya isa. Duba da idonka kuma." Hannunta sanyi kamar randa. Na duba da idona. Ita ma kallonsu take, tana murmushi, tana motsa kafaɗa kaɗan-kaɗan tare da mai ɗingishin nan, hawaye kuma na bin kumatunta ba ta share ba.

Daga nan suka tashi gaba ɗaya, iskar fukafukansu ta kaɗa tururin ya rufe mu. Da ya yaye, ina durƙushe a tsakiyar kunyar albasar wani bawan Allah, rana ta yi hantsi sosai, injin ban ruwa na ta tarinsa, gulbin ya koma ɗan siririnsa, ba kanya, ba giginya, ba yarinya. Mai gonar, wani dattijo, yana tsaye a kaina da fartanya yana tambayar ko lafiya nake yi wa albasarsa sujada. Na ce, "Baba, ina gaurakin nan suka yi?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce rabonsa da ganin gauraka a gulbin nan tun bai yi auren fari ba, in tashi in ba shi wuri.

Na yi gida da gudu, ban tsaya duba wayar ba sai a zaure. Balbelu suna nan, zalɓe yana nan da fushinsa, bado yana nan. Daga nan kuma sai fari. Hoto bayan hoto, fari fat, kamar na ɗauki cikin ƙwaryar nono. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi, ga gobe Juma'a, ga na riga na ƙona gaskiyata jiya, wa zai yarda da ni? Yaya Saratu ta fito ta karɓi wayarta ta duba ta ce, "Sannu, mai hoton hayaƙi." Ta ce in shiga a hankali, yau tsohuwa ta yi wani irin barci tun bayan asuba, ta tashe ta ta sha kunu ta ƙi motsi, sai yanzun nan ta farka, kuma ta kifar da buta ko me, don bakin zanenta sharkaf yake da ruwa. Na dubi butar a bakin ƙofa, cike take.

Na shiga na durƙusa na ce, "Amarya, na je, wallahi na je, na gan su, amma wayar ta ci amanata."

Ta ce, "Miƙo."

Ta kai farin hoton nan dab da hancinta. Sai na ga fuskarta ta saki, ta soma bin gilashin da yatsa tana tsayawa nan da can kamar mai gaisawa da mutane, ta ce in tura na gaba, in tura na gaba. A na biyar ko na shida ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ga gurguna nan. Ƙahwar hagu. Tarkon wani mugu yak kama shi, ni da hannuna na kwance shi ina ɗiya ƙarama. Dubi yadda ya ka juyi."

Jama'a, ban gaya wa kowa zancen mai ɗingishi ba. Ban samu lokacin ma ba. Na kalli Yaya Saratu, ta kalli wayar, fari ne dai kamar yadda yake.

Tsohuwa ta aje wayar a ƙirjinta ta lumshe ido ta ce a kawo mata tuwo, da man shanu, kuma a haɗa mata kayanta. Ta ci har tana suɗe hannu, Yaya Saratu na kuka tana ƙara mata miya. Ni ina rakuɓe a gefe, na ciro hulata zan sa don sanyin da ya dawo min, sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Kai dai da hulag ga. Kamar zakara."

Na ce, "Kaka," ran nan ne na fara kiranta Kaka, "ke ce?"

Ta ce, "Ni da ba ni tashi? Ango, rage ƙarya." Ta ci gaba da cin tuwonta.

Ranar Juma'a Baffa ya zo, aka ɗauke ta a katifa aka sa a mota, ba gardama, har tana tsokanar direba. Da damina ta biyo baya Allah ya karɓi abarsa a Sakkwato, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ba ta sake yi min zancen ba, ni ma ban sake samun ƙarfin halin tambaya ba.

Hotunan suna nan, na kwashe su a wayata. Na nuna wa abokaina, sun ce bangon ɗaki na ɗauka. Na nuna wa malaminmu na allo, ya daɗe yana kallo, ya ce in riƙa yi mata addu'a in bar bincike. Sai bara, da sanyi ya shigo, ina kwance ina tura su ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a na ƙarshe, wanda na danna lokacin da aka danne min wayar. A can kusurwar ƙasa, cikin farin, akwai gefen hannu. Hannun yarinya ne sumul, da jan lalle, ƙaramin yatsan a lanƙwashe kamar ƙugiya. Haka na kakata yake, tun tana yarinya taɓarya ta faɗo masa, da shi take ja min kunne.

Na koma gulbin nan da sanyi sau biyu, da asuba, ba hula. Balbelu kawai da albasa.

Ni ban ce ku yarda ba, na san wanda ke ba ku labarin. Amma in tsohon gidanku ya ce yana son ganin wani wuri, kada ku hau tudu ku sauko masa da na wasu, ku taka ku je. In kuma kun je bakin ruwa da sanyin safiya kuka ga yana tururi, wani ya yi muku magana daga baya, ku yi sallama da ladabi, ku yi abin da ya ce. Ba ku san wa ya riga ku fitowa daga gida ba.