Ƙusar Yaya Habiba tana nan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Habiba, kuma har yau ban cire ƙusar da ke bangon ɗakinta a unguwar Madain Fahd ta Jidda ba.

A da, hoto ne ke rataye a jikinta, bugun farkon ƙarnin da ya wuce: wata yarinya zaune bakin taga, littafi a cinya, takalminta ɗaya ya zame ba ta ma sani ba. Kakanmu ya saye shi a shekarar da jirgin ruwa ya sauke shi Jidda. A ƙarƙashinsa Yaya ta koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu, yaran da rashin iƙama, wato takardar izinin zama, ya hana shiga makaranta. In yarinya ta fara wasa, sai ta nuna bango ta ce, "Dubi 'yar'uwarki, tun zamanin kakana ba ta ɗaga kai ba."

Ranar zaman makoki ƙanin mijinta, Sale, ya shigo da carbi a hannu. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗaki mai hoto, ko muna so mu tare wa mamaciya rahama? Wa zai yi musu a irin wannan rana? Da hannuna na sauke na miƙa masa. "Halas, ya ukhti," in ji shi da Larabci, wato shi ke nan, 'yar'uwa, "ni zan ƙone shi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bara na shiga wani gidan gahawa a tsohon gari, sai ga yarinyar a bango, har da kusurwar da Yaya ta liƙe da ƙaro. Mai wurin ya ce wani dattijo mai carbi ne ya sayar masa, wai gadon kakansa ne. Ashe mala'ikun Sale a ƙofar mamaciya kaɗai suke tsayawa.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Na san ta. Dariya za ta yi, ta ce ai yarinya ta samu sabon aji. Ɗalibanta sun girma, wasu na koya wa nasu 'ya'yan karatu, kuma wannan ba mai sayar da shi. Ita da tuni ta yafe. To, ni ba Habiba ba ce, kuma ina jin zafin abin kamar jiya aka yi.

Duk Alhamis ina zuwa gidan gahawar in zauna ƙarƙashin hoton. Duk wanda ya yaba shi, sai na gaya masa mai shi, da sunan wanda ya sace. In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa.

Makon jiya Sale ya aiko ɗiyarsa daga unguwar Safa, wai za a yi masa aiki a asibiti, yana neman yafiyar dangi. Na ba ta shayi, na kai ta ɗakin Yaya, na nuna mata bango.

"Ki ce da babanki ƙusa tana nan. Ranar da ya rataye hoton da hannunsa, ranar zan yafe."