Sunan Ɗan Fari

A kasuwar Itoku ta Abeokuta nake tsaye ina jiran yadin da na kawo rini, sai idona ya faɗa kan mai marinar. Gajeriya ce, ɗaurin kanta a karkace, hannuwanta sun rine har gwiwa, da alama ita ma daga bakin tukunyar shuni ta faro.

Wani dattijon ma'aikacinta ya ɓata zanen biki. Ɗaurin da ya yi wa zanen kafin rini ya kwance, shuni ya shiga inda bai kamata ba. Ga shi tsaye da hula a hannu, yana jiran kora, mai zanen kuwa sai ihu take: "Kai tsoho, makaho ne kai?"

"Mama, sunansa Baba Morenike," in ji mai marinar. "Ni za ki zaga, marinata ce."

Sannan ta ɗan rusuna wa mutumin da take biya albashi, ta sassauta murya: "Baba Morenike, gobe mu sake ɗaura wani tare." Dattijon ya mai da hularsa.

A wurinmu duk wanda ya haihu da sunan ɗansa na fari ake kiransa, kamar Baba Morenike, wato mahaifin Morenike, amma ni shekara tara ina ce wa telan shagona "Kai Dogo". Kunya ta kama ni, na buga masa waya, har da tausasa murya.

"Dogo, wai yaya sunan ɗanka na fari?"

"Oga, lafiya kuwa? Ai sunanka na sa masa. Ranar sunan ma malmalar amala uku ka tashi da su."