Kuɗin Lampona a Hannun Surukata

Ko na tsufa na mance sunan jikokina, ba zan mance shekarar da biron lampo, wato ofishin haraji, na Tanout ya ce zai maido mini da kuɗi ba. An karɓi harajin shagona sau biyu bisa kuskure, na yi ta sintiri har takalmina ya cinye, sannan aka amince. Nan take na ƙudurta kwanon rufi zan saya, don shagon yana yoyo, ga gero jibge a ciki, ga damina ta matso.

Ma'aikacin ya ce ta salula za a turo, in ba shi lamba. Ya ma nemi in duba wayata in tabbatar, ni kuwa na ce haba, mutum ya mance lambarsa? Na zuba masa wadda bakina ya saba da ita. Ashe tsohon layina ne, wanda na ba surukata a Falanko tun bara.

Ina ta jiran saƙo shiru, sai ga kira daga Falanko. Tsohuwar surukata ce. Mai cajin wayoyi na garinsu ya karanta mata cewa kuɗi sun shigo, maiɗakina kuma, da aka tambaye ta, ta ce ai sai dai in Malam ne, wato ni ke nan.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Kyauta haka ba ko sanarwa?"

To da wane baki Bahaushe zai ce wa surukarsa maido? Sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Inna, a sayi goro."

Ba goro ta saya ba, awaki ta saya. Ta bi gida-gida tana ba da labari, har sauran surukanta maza suka daina amsa gaisuwata. Ruwan farko kuwa a kan gerona ya sauka, ina tsaye da roba ina tara, raina a ɓace, maiɗakina na dariya har da hawaye.

Abin da ya fi ciwo, da shekara ta kewayo Inna ta aiko a gaya mini salularta lafiya lau take, kullum da caji. Dole na tura, kuma har yau ina turawa. Tun daga nan na gane, in za a turo maka kuɗi, ka sa a kira lambar ka ji ta yi ƙara a aljihunka kafin ka tashi, don abin da ya shiga hannun suruka ya shiga ke nan.