Dattijon da Ya Nemi Hoton Bara

A ɗakin da ake koya mana karanta hotunan tauraron ɗan'adam a Haɗejiya, wani dattijo yana zaune kusa da ni. Wuyan rigarsa ya koɗe, tabaransa ɗaure da zare, yana taɓa kwamfuta a ɗarare. Ina jin malamin gona ne daga wajen garin Auyo.

Malamar da ke koyar da mu tana nuna inda ambaliya ta cinye bana, ko'ina shuɗi, alamar ruwa. Shi wuri guda yake kallo.

"Malama, akwai hoton bara?"

Ta buɗe masa. Rufin gidaje ya bayyana a tsakiyar gonakin shinkafa.

Ya ce, "Ga gidan mahaifiyata nan. Don Allah bar mini shi haka."

Kowa ya fita cin abinci, shi yana zaune. Na kasa tambayarsa ko ta tsira.